Akori-kurata

Daren jiya ban rintsa ba.
Na baje rasiɗan gidan mai a kan tabarma,
Hajjo na haska mini da fitilar waya,
muka tara, muka sake tarawa,
lissafi ya ƙi sauya baki:
cefanen mutum tara na gidan nan
bai kai abin da take kwankwaɗa ba, ita kaɗanta.

Shekara goma sha bakwai ke nan.
Da kuɗin wake na damina biyu na saye ta
a hannun wani ɗan kwangila da ya karye.
Fara ce tas a lokacin.
Yau launinta launin hanyar Dadin Kowa ne,
ƙofar hagu sai an ɗaure da igiya,
salansa na tari irin na tsoho da asuba,
amma ban taɓa kwana a daji ba saboda ita,
ko sau ɗaya, wannan shaida zan ba ta.

Shekaranjiya Manga dillali ya zo Pantami
da wata 'yar ja kamar tattasai.
Ya ce, galan guda, ka je Kaltungo ka dawo.
Na san bakin dillali,
sai na raba maganarsa biyu na zubar da rabi.
Rabin da ya rage ma ya hana ni sukuni.
Na shiga, gwiwata ta gaida sitiyari,
sanyi ya busa mini a wuya,
inji na aiki, kunnena bai ji ba.
Na zagaya na buɗe but:
buhun taki biyu,
na uku sai dai ya biyo mu a ƙafa
yana kallon bayanta.

To ina zan sa kwandunan tumatir?
Ina ragon layyar Malam Jibir zai tsaya?
Daren da ruwa ya cinye kwarin unguwa,
matar Tela na naƙuda, babu mai keke ko ɗaya,
wa ya ratsa?
Yaron yanzu yana aji uku,
in ya wuce sai ya shafa fitilarta.
Makara nawa ta ɗauka zuwa maƙabarta,
har da ta mahaifina,
ina tuƙi a giya ɗaya, ban ga hanya sosai ba,
ita ta san inda za ta.

Sai dai kuma
"sannu da ƙoƙari" ba ya shiga tanki.
Unguwa duka na da mota,
ni kaɗai ke da layin mai.

Bappayo bakanike ya ce kada ka kuskura,
irin wannan ƙarfe an daina ƙera shi.
Na dube shi, na dubi sabon rufin shagonsa,
na san kwano nawa ne a ciki
aka saya da ciwonta.

Ummulu ta bugo daga makaranta a Kashere,
ba ta ce komai kan mota ba,
kuɗin rajista kawai ta ambata, a hankali,
kamar mai taka ƙwai.
Hajjo kuwa da ta kashe fitila ta ce,
ƙarfe ne fa, Malam, bai san sunanka ba.
Na ce haka ne.
Ban gaya mata ba
cewa ni na san duk wani ƙara nata.

Manga zai dawo bayan Juma'a da takardu.
Yau da sassafe na ɗebo ruwa bokiti uku
na wanke ta har ƙarƙashin taya.
Ko don mai saye ne, ko don kaina,
ban tambayi zuciyata ba.
Ina cikin goge gilashi aka yi sallama:
Goggo Dudu ce, buhun shinkafa shida a bakin gona,
ga hadari ya haɗo daga gabas.
Allurar mai na kwance a kan ja.
Na laluba aljihu, dubu huɗu da canji.

Na ce mata, hau gaba, Goggo,
ki riƙe igiyar ƙofar da kyau.
Na murza makulli.
Ta yi tari sau biyu,
a na uku ta amsa da muryarta.